Shekarar da Na Sa Aka Sare Bishiyar Majalisa

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku game da bishiyar nan, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa mini kai tsaye sai Abba, shi ma sau ɗaya, a waya. Kuna cewa Mama ta sa an sare bishiyar Baba yana kwance, kuma ta je ta tsaya gaban Turawa ta tona masa asiri. Duka biyun na yi, ban musa ba. Amma ba don in nemi afuwarku na zauna rubuta wannan ba, kada ma ku sa rai. So nake ku san yadda abin ya zo, domin ƙarshensa kawai kuka gani. Kai Abba, ɗan farina da har yau bakina bai taɓa kiran sunanka na yanka ba, kana wata jiha da aikinka. Ke kuma Safiya kina zuwa kina komawa da goyo, rabin hankalinki yana wajen jaririyarki.

Saboda bishiyar nan babanku ya sayi gidan. Ranar da aka kawo mu dubawa, ni ina ciki ina buɗe durowoyin kicin, shi yana waje yana zagaya ta yana shafa jikinta. Irin wadda Turawa ke kira oak ce, ƙatuwa, mutum biyu ba sa rungume ta, tana tsaye dab da matakalar ƙofar gida. Gidan tsoho ne, a tsohuwar unguwa kusa da jami'a, ba nisa da unguwar Glenwood, a nan ƙasar Turawa, kuma a kan tudu yake, sai ka hau matakala kafin ka kai ƙofa. Na ce masa rufin yana yoyo, ya ce ai ana gyara rufi. Da muka tare, bai yi wata guda ba ya sayo kujerun roba ya jera a gindinta. Daga nan majalisa ta kafu. Duk Lahadi bayan la'asar, tun daga fitar sanyi har shigarsa, sai ka ga Alhaji Lawal ya taso daga unguwarsu ta Sedgefield da ƙaton fulas ɗin shayinsa, ɗaliban jami'a 'yan gida suna biyo shi a ƙafa ko a keke. Su zauna su yi ta gyara Najeriya da baki har magariba, ni ina aika musu da ƙosai. Maƙwabciyarmu Dorothy, tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu, a gidan da take ciki aka haife ta. Takan leƙo ta shinge ta ce musu sannu, kuma ba ta taɓa cewa bishiyarku ba, kullum bishiyarmu take cewa.

A farkon bazarar shekarar da nake ba ku labarinta babanku ya faɗi yana alwala. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta ɗauke hannun dama da ƙafar dama, ta karkatar masa da baki. Daga asibiti aka mayar da shi gidan jinya, inda ake koya wa irinsa zama da haɗiya. Magana tana fita da ƙyar, sai na kara kunnena a bakinsa. Abu na farko da ya faɗa mini wanda na fahimta sarai shi ne:

"Kada kowa ya zo. Kada kowa ya sani."

Ku da aka haifa a nan ba za ku gane nauyin wannan ba. Ku kuna iya zama a bas ku ba wanda ba ku sani ba labarin ciwonku tun daga kai har ƙafa. Mu ba haka aka rene mu ba. A wajenmu ciwo sirrin gida ne, ana rufe shi yadda ake rufe tukunya. In an tambaye ka jikin mara lafiya, amsa ɗaya ce, da sauƙi. Mahaifiyata tana gargara a Funtuwa, ina ji ana ce wa masu dubiya da sauƙi, kuma ba wanda ya ɗauki hakan ƙarya. To balle namiji irin babanku, wanda ko hula bai yarda a gan shi babu ba. Sai na bi umarninsa. Alhaji Lawal ya bugo, na ce da sauƙi, likita ne ya hana dubiya. Matan masallaci suka bugo, na ce da sauƙi. Dorothy takan tare ni a shinge duk safiya, ita ma na juya mata maganar da Turanci, na ce yana samun sauƙi, ya kusa dawowa. Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka yadda na faɗa haka yake.

Ba sauƙin da yake samu. Hannun bai motsa ba, ƙafar ba ta motsa ba, kuma abin da ya fi cinsa ba ciwon ba ne. 'Yan mata sa'o'in Safiya ne ke juya shi, su yi masa wanka, su canza masa abin da ake canza wa jarirai. Suna da kirki, ban taɓa ganin sun wulaƙanta shi ba, amma duk lokacin da suka shigo sai ya runtse ido har su fita. Sannu a hankali ya daina cin abinci. In na kawo kunun gyaɗa daga gida, ya karɓi cokali ɗaya ko biyu ya kau da kai. Kullum maganarsa guda:

"Hajiya, ki kai ni gida. Ɗakina."

Masu gidan jinya suka ce ba su ƙi ba, amma ba za su sallame shi ba sai gidan yana da hanyar da keken guragu zai hau, wato doguwar gadar katako mai gangare daga bakin titi zuwa ƙofa. Kai Abba ka ce mu kama hayar gida na ƙasa mara matakala. Na kai masa shawarar, ya dube ni kamar na zage shi, ya sake cewa ɗakina. Sai na kira kafinta. Mutumin ya auna gaba, ya auna gefe, ya zagaya baya inda gangaren ya yi tsayi da yawa, ya dawo ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce wuri ɗaya ne gadar za ta bi, kuma bishiya na tsaye a kansa. Ya ƙara da cewa a unguwarmu ba a sare babbar bishiya mai rai sai da izinin hukumar birni, don tana cikin tsofaffin unguwannin da aka sa wa doka. Dariya na yi. Bishiyata, a filina, sai na je na roƙi wani? A Funtuwa mai gatari za ka kira da safe, kafin azahar mata sun fara ɗibar itace. Kafintan bai yi dariya ba. Ya ce in na sare ba izini za a iya cin tarata, a kuma dakatar da aikin gadar gaba ɗaya, kuma shi ba zai sa hannu ba.

Kafin in je ko'ina, na fara zuwa wajen mai bishiya. Na zauna a bakin gado na daɗe ina gyara masa bargo kafin bakina ya buɗe.

"Malam, in za ka dawo gida, sai an sare bishiya."

Sai ya ce:

"A sare."

"Sai an nemi izini. Za su tambayi dalili."

"Ki ce gyara."

"In suka matsa fa?"

Ya ɗaga hannun hagu ya kama wuyan hannuna, da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Ban yarda ki faɗa ba."

Ku lura da wannan, domin shi ne abin da ba ku sani ba. Bishiyar da ya fi so a duniya, da kalma biyu ya ba da ita. Sirrinsa ne ya hana.

Muka shiga bas ni da Safiya zuwa cikin gari, muka sauka a tasha muka taka ta titin Elm Street zuwa ofishin. Matar da ta karɓe mu mai fara'a ce. Ta duba hotunan bishiyar, ta ce lafiyarta ƙalau, saboda haka ba ita za ta yanke hukunci ba, sai kwamitin da ke zama sau ɗaya a wata. Sannan ta dube ni ta tambaya ko akwai mara lafiya a gidan da ke buƙatar hanyar, don in akwai, ya kamata kwamiti ya sani. Na ji Safiya ta ja numfashi za ta yi magana, na taka mata ƙafa. Na ce wa matar a'a, gyara kawai muke so mu yi wa ƙofar gida. Muna fitowa, ke Safiya, kika tsaya a bakin titi, idonki jawur.

"Mama, why? Ta ba mu hanya da kanta, kin rufe!"

"Babanki ya hana."

"Baba is starving, Mama. Ba ya cin abinci. Wane sirri ne ya rage?"

"Ki rage murya, a titi muke."

Abin da na iya ce miki ke nan.

Ranar zaman kwamiti muka shiga wani ɗaki mai sanyi, mutane a jere a bayan dogon tebur, kowa da abin magana a gabansa, ga kyamara a kusurwa tana ɗauka don duk mai so ya kalla daga gida. Safiya ta karanta buƙatarmu. Da aka tambaya ko akwai mai ja, sai na ga Dorothy ta miƙe daga baya da sandarta. Ban ma san ta zo ba. Ta ce bishiyar nan ta girme ta, a ƙarƙashinta ta yi wasa tana yarinya. Ta ce ba ta da maƙwabta da suka fi mu, shi ya sa abin ya ɗaure mata kai. Sannan ta juya ga kwamitin ta ce:

"Mai gidan yana asibiti, kuma ba wanda ya kai shi son bishiyar nan. Matarsa Rabi da bakinta take gaya mini kullum yana samun sauƙi, ya kusa dawowa. Ku bari ya dawo ya zauna a inuwarta, kada a sare masa ita a bayan idonsa."

Shugabar kwamitin ta juyo ta tambaye ni ko ina da abin ƙarawa. Duk ɗakin ya zuba mini ido. Maganar tana bakina, amma ina kuma jin yatsun babanku a wuyan hannuna. Na girgiza kai. Suka yi shawara a tsakaninsu, suka ce ba su ga dalilin da ya kai a sare lafiyayyar bishiya ba, amma ba za su rufe ƙofa ba, mu dawo zama na gaba da ƙarin bayani. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Abin da aka ba su, da shi suka yi aiki.

Watan nan da ya biyo baya, ban taɓa ganin wata mai tsawonsa ba. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in tsaya ina kallonta ban ɗauka ba. In na isa gidan jinya, sai na tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa na saurari numfashi kafin in shiga. Agogon da ke hannunsa na hagu ya fara zamewa har gwiwar hannu, na cire na sa a jaka don kada ya lura. Likita ya kira ni gefe ya fara maganar saka masa robar abinci ta ciki, ya ce in aka ci gaba a haka jikin ba zai jure ba. Shi kuwa babanku, ina shiga zai tambaya:

"An sare?"

"Tukuna, Malam. Ana kan magana."

Sai ya juya fuska bango. In na dawo gida, bishiyar na nan tsaye ta yi kore shar, tsuntsaye na ta hidimarsu a kai, kujerun roba a kife a gindinta. Wallahi na tsane ta a watan nan. Akwai Asabar ɗin da wani mai motar sare itatuwa ya tsaya yana aiki a layin bayanmu, na sa mayafi na tafi har kusa da shi, da niyyar in ce ya zo ya kayar da ita kowa ya huta. Na tsaya ina kallon injinsa, sai na tuna in aka dakatar da aikin gada, babanku ba zai ga ɗakinsa ba ke nan har abada. Na juyo gida. Ga Dorothy a shinge tana ɗaga mini hannu, tana tambayar jikin mai gida, ni kuma bakina da ya saba ya sake ce mata yana samun sauƙi.

Ana gobe zama na biyu na je wajensa da rana. Ban yi shawara da kowa ba, ko ke Safiya ban gaya miki ba. Na kawo kunu, ya ƙi ko cokali ɗaya. Na ajiye kofin, na ce:

"Malam, gobe zan faɗa musu gaskiya."

Ya zuba mini ido. Bakinsa ya yi ta motsi kafin maganar ta fito, kuma da ta fito, ba ta taɓa fita sarai haka ba tun da ya kwanta.

"In kin faɗa, ban yafe ba."

Kun san abin da wannan kalma take nufi daga bakin miji, ko da a nan aka haife ku. Shekara arba'in da wani abu muna tare bai taɓa furta mini ita ba. Amma na dubi wuyansa da ya zama kamar na yaro, sai wani abu ya taso mini, ban san ko tsoro ba ne ko fushi. Na ce:

"To, ka dawo gida ka ƙi yafe mini a ɗakinka. Na fi son haka da in wanke gawarka a nan kana yafe mini."

Na ɗauki jakata na fita, ban waiwaya ba, don in na waiwaya na san zan fasa.

Washegari da aka kira mu, Safiya ta miƙe za ta yi magana, na ce ta zauna. Da Turancina na kasuwa na yi bayani, ina kallon kyamarar nan, na san sarai ɗaliban majalisa da matan masallaci za su iya gani. Na ce mijina ba ya samun sauƙi, ni ce nake faɗin haka don haka ake faɗa a garinmu. Na ce ba ya tafiya, ba ya iya kai cokali bakinsa, ba ya iya zagayawa sai an ɗauke shi an kuma goge masa. Na ce ya daina cin abinci don yana son ɗakinsa, kuma tsakaninsa da ɗakin nan ba abin da ya tsaya sai bishiyar da ya fi kowa so, kuma shi da bakinsa ya ce a sare. Eh, Abba, na faɗi maganar banɗaki. Na faɗe ta ne don na ga wani a cikinsu ya fara tambaya ko ba za a jira a ga yadda jikin zai yi ba. Ba ni da sauran wata guda da zan bayar.

Dorothy ta miƙe tun ba a kira ta ba, ta ce ta janye. Kwamiti ya amince, da sharaɗin mu dasa wata bishiyar a bayan gida. A bakin ƙofa ta tare ni, tana kuka tana buga sandarta a ƙasa.

"Rabi, me ya sa kika bar ni na tsaya gaban mutane ina faɗa da mara lafiya? Wata guda na hana shi gidansa!"

Ta yaya zan fahimtar da ita cewa ban ɗauki abin da nake gaya mata a shinge ƙarya ba? Kafin bas ta kawo mu gida, Alhaji Lawal ya bugo. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Haba Hajiya, haka ake yi? Malam na cikin wannan hali muna nan muna shan shayi?"

Da yamma kai ma ka bugo, Abba, ka faɗi abin da ka faɗa. Ban amsa maka ba a lokacin, wannan ce amsar.

Ranar da aka sare ta, Dorothy ta sauke labulenta duka, ni kuma na shige kicin na kunna famfo don kada in ji faɗuwar rassan. Da aka gama, gaban gidan ya yi fayau, rana ta shigo falo inda ba ta taɓa shiga ba. Mutanen majalisa suka zo suka taya kafinta, masu digiri da masu neman digiri suna miƙa katako suna buga ƙusa a karkace, yana binsu yana gyarawa. Na roƙi Alhaji Lawal kada kowa ya zo ranar da za a dawo da shi. Ya ce to. Da motar ta tsaya aka sauko da keken, sai ga su nan a jere a gefen gadar, kowa da hularsa, kamar masu jiran liman.

Babanku ya dubi inda bishiya take, ya dubi mutanen, sai ya ɗaga hannun hagu ya rufe karkataccen bakinsa. Na ce a raina shi ke nan, na kashe shi da kunya. Alhaji Lawal ya tako ya durƙusa a gaban keken, ya kama mataccen hannun nan da hannu biyu kamar yadda suka saba gaisawa.

"Malam, ya jiki?"

A hankali babanku ya sauke hannunsa daga baki.

"Da sauƙi," in ji shi.

Su suka tura shi har ɗakinsa. Ya ga azumi biyu a ɗakin nan kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma majalisa ta koma falo, kowace Lahadi. Kalmar yafiyar da nake jira kuwa bai taɓa furtawa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, don ina tsoron amsar. Da ita nake kwana har yau, kuma ba ku ne za ku sauke mini ita ba.

Amma ga abin da nake so ku riƙe. A ranar, bayan mutane sun watse, na dama kunun gyaɗa na kai masa. Na ɗebo a cokali na miƙa, ya kau da kai, ko kallona bai yi ba. Na tsaya da cokalin a hannu. Sai na miƙa miki kofin, ke Safiya, na koma bakin ƙofa. Ya buɗe baki ya karɓa daga hannunki, cokali bayan cokali, har na ji ƙarfe na kankarar gindin kofi. Ya yi wata magana, kika kara kunne, sannan kika juyo kika ce:

"Mama, wai a ƙaro."

Na koma kicin na ɗora wani ruwan. Hawaye na zuba, ina damawa ina sauri kada ya fasa sha.